Hadarin Bazara Ba Ya Zuwa Ba Sallama

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi bana, na daɗe ina tunanin abin da zan faɗa a gaban waɗanda suka koya mini riƙe alƙalami. Daga baya na tuna da wata bazara da na je gida a ƙasar Ajingi. Bayan la'asar gabas ta haɗe, ƙura ta taso ja wur, kafin mu gama kwashe shanya iska ta yaye kwanon ɗakin mahaifiyata ta jefa shi cikin gonar maƙwabci. Allah ya tsare, babu wanda ya ji rauni. Abin da ya dame ni shi ne, ana gobe na ga gargaɗin iska mai ƙarfi a wayata, amma ban faɗa wa kowa ba. Na karanta ilimin ƙasa a jami'a, ga shi karatun bai tsinana wa gidanmu komai ba ran nan. A kan wannan nake so mu tattauna.

Da farko, me ya sa hadarin farkon damina ya fi na tsakiyarta iska? Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Akwai busasshiya mai fitowa daga Sahara, wadda ke kawo mana hunturu, akwai kuma mai damshi daga tekun Atilantika. Inda suke haɗuwa yana matsowa arewa sannu a hankali, ya iso wajenmu a watannin Afrilu da Mayu. A lokacin zafi yakan kai digiri 40 ko fiye. Ƙasa ta gasu, iska mai damshi ta yi sama da sauri, girgije ya tashi kamar hasumiya, tsawonsa ya kai kilomita 12 zuwa 15. Idan ruwa ya fara zubowa sai ya ratsa busasshiyar iskar da ke tsakani, wani sashe nasa ya ƙafe tun bai sauko ba. Wannan ƙafewa ita ke sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu da gudu. Ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, gudunta kuma yana iya haura kilomita 80 a awa. A watan Agusta sama ta riga ta jiƙe, shi ya sa ruwa ke yawa, iska ta ragu.

Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake zuwa, kuma gaskiyarsu. Akwai wata iska mai ƙarfi can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, da ke tura jerin hadarin yamma, yana tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka a awa. Ke nan hadarin da ya kama Dutse yana iya isowa Gaya cikin ƙasa da awa guda, daga nan ya zarce Wudil da Kano. Mu ne ƙofar gabas ta jihar nan, mu yake fara gaisarwa.

To, yaya masana ke hango shi? Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana da tashoshin awo, ciki har da ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda ake auna zafi da damshi da gudun iska. Ana haɗa wannan da hotunan taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka fara harbawa a 1977. Wanda aka harba a Disamban 2022 yana ɗaukar hoton Afirka duk minti 10, yana kuma ganin walƙiya. Maƙwabtanmu ma ba su zauna ba: a Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi Sahel.

Hasashen nan hawa uku ne, kuma rashin bambance su ne ke sa mutane cewa masana na ƙarya. Hawa na farko shi ne na shekara, wanda NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Yana nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar damina a kowace ƙaramar hukuma da yawan ruwan da ake tsammani. Na biyu shi ne na kwana ɗaya zuwa uku, wanda zai ce ana sa ran tsawa da iska a sassan Kano da Jigawa da yamma. Ba zai ce maka Gaya ko Ajingi ba, domin hadari yana iya jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Na uku shi ne na awa ɗaya ko biyu, kuma a nan idonka da kunnenka sun isa aiki.

Na san akwai masu ganin wannan kamar duba ne. Malamanmu na addini suna nan, su ne masu gyara mini, amma a fahimtata karanta alamu ne kawai, kamar yadda manomi ke ganin dawowar shamuwa ya fara gyaran gona. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Saukar da ruwa kuwa na Allah ne.

Ga manoma, babban haɗari shi ne ruwan yaudara. A yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a Mayu, kowa ya fita shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu, gero ya ƙone, iri ya tafi. Ma'aunin da masana noma ke amfani da shi a Sahel shi ne a samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a yi fiye da mako guda babu ruwa a watan da ke biye. Duba hasashen shekara kafin a taɓa iri ba ya cin ko sisi.

Batun aradu kuma, ga lissafi mai sauƙi da malaminmu na kimiyya ya koya mana. Ƙara tana tafiyar kilomita guda cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya, ƙirga har ka ji tsawa. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10 daga inda kake, sai ka nemi ɗaki ko ka shiga mota. Kada a fake gindin darbejiya ko kuka, kada a tsaya a fili ko bakin ruwa, kada kuma a fito sai an yi rabin awa da jin tsawar ƙarshe. Yara masu kiwo da masu ƙwallo a fili su suka fi bukatar jin wannan.

Shugaba, ranka ya daɗe, ina da roƙo uku. Na ɗaya, ƙungiya ta ɗauki kafinta ya duba rufin azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai kowane Maris, a ƙara ƙusa, a canza katakon da gara ta ci, a sare rassan da suka rufa gini. Na biyu, a naɗa mutum ɗaya a kowace gunduma ta Gaya da Ajingi da zai riƙa karɓar gargaɗin NiMet ya isar wa mai unguwa da liman cikin Hausa, mu kuma haɗa waya da abokanmu na Dutse da Jahun su sanar da mu in ya taso. Na uku, a sayi ma'aunin ruwan sama a kafa a makaranta, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya sauka kullum. Ni na ɗauki nauyin wannan na ƙarshe.

Kwanon mahaifiyata mun mayar da shi, amma akwai gidajen da asararsu ba ta mayuwa. Malamanmu sun ba mu ilimi, saura mu kai shi inda ake bukata. Abin da na yi daidai Allah ya amfana, inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.