Jawabi a Bikin Yaye Sababbin Likitocin Haƙori



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai abokan aikina, iyayen da suka yi ɗawainiya har aka kawo yau, da ku 'ya'yana da ake yayewa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. An nemi in yi wa ɗalibanmu guzuri, ni kuwa guzurina magana ce guda a kan ciwon da na daɗe ina kallon ɓarnarsa, wato sankarar baki.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna cewa a 2022 mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da ta cikin baki, kusan 188,000 kuma suka rasu. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo ta. A Sudan, tabar tumbak da ake cusawa a leɓe ta yi ƙaurin suna a kan haka, kuma mu ma muna da masu cusa taba gari a bakinsu.

Iyaye, ku ba ni aron kunnuwanku. Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam dakaru a cikin jini, waɗanda muke kira ƙwayoyin T. Aikinsu sintiri, duk ƙwayar halittar da ta kauce hanya su kashe ta. Su ma dakarun an yi musu linzami: akwai wani makunni a jikinsu mai suna Fas, idan aka taɓa shi sai ƙwayar ta naɗe tabarmarta ta mutu salin-alin. Hikimar ita ce idan yaƙi ya ƙare kada mayaƙa su juya kan 'yan gari. Wannan mutuwa mai tsari masana sun raɗa mata suna afotosis tun 1972.

To, Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Sankara takan yi amfani da wannan makunni ne. A 2005, Theresa Whiteside da abokan aikinta a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka nuna cewa jinin masu sankarar baki yana ɗauke da wasu 'yan ƙunshi ƙanana, kowanne riƙe da mabuɗin Fas, kuma idan suka haɗu da ƙwayoyin T da suka ɗaura ɗamarar yaƙi sai su sa su mutu. Ku lura, a cikin jini aka same su. Ciwon yana zaune a gefen harshe, amma saƙonsa na kisa yana zagaya jiki. Duk lokacin da na tuna wannan sai tausayin majinyatanmu ya kama ni, domin mutum yana zaune gabanka yana murmushi, alhali ana ta karkashe masu tsaron gidansa.

Ilimi bai zauna ba. Tasuku Honjo na Jafan ya gano wani linzamin mai suna PD-1 a 1992, ya kuma sami kyautar Nobel a 2018 tare da James Allison. Daga nan aka sami magunguna irin su nivolumab da pembrolizumab masu kwance wa dakarun takunkumi, waɗanda Amurka ta amince da su a 2016 don sankarar kai da wuya da ta dawo ko ta yaɗu. Amma gaskiya ɗaya ce: ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin manomin da zai sayar da buhun gero kafin ya biya kuɗin mota zuwa asibiti.

Ba na mantawa da wani dattijo da aka kawo mini da gyambo a harshe. Ya yi wata da watanni ana ba shi jiƙe-jiƙe, ana cewa jifa ne. Ya taɓa zuwa cire haƙori a wani wuri, aka cire, ba wanda ya ɗaga harshensa ya duba. Da ya iso gare mu kaluluwa ta riga ta cika masa wuya.

'Ya'yana, wannan ɗaga harshen shi ne amanar da nake ɗora muku. Duk wanda ya buɗe muku baki, ko don kogon haƙori ya zo, ku duba ƙarƙashin harshe da gefensa, da dasashi, da cikin kumatu, da ganɗa, sannan ku shafa wuya. Gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko tabo fari ko ja da ya ƙi tafiya, kada ku sallame shi da maganin kurkure baki. Ku tura a yanki tsoka a gwada. Ku tambayi mutum batun taba cikin ladabi, ba tare da kunyata shi ba.

Iyayenmu sarakuna da malamai, muna roƙo ku taya mu faɗa wa jama'a su zo da wuri.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya.