Jawabin Taron Zagayowar Shekara: Kuɗin Mai da Ribar Fatake

Dattawanmu, malamai, iyayenmu mata da 'yan'uwa fatake, mun gode wa Allah da Ya sake haɗa mu a nan Kukuo lafiya.

Yau kan mai za mu yi magana, domin shi ke raba riba da mu ko ba mu so. Yawancin fetur da dizal da muke ƙonawa a Gana daga waje jirage ke kawo su Tema, da dala ake biya. Wani ya biyo Tafkin Volta daga Akosombo zuwa ma'ajiyar Buipe, wani ya hau tanka. Duk abin da ya taɓa wannan doguwar hanya, aljihunmu ya taɓa.

Mun gani a 2022. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairu, sidi kuma ya faɗi. Litar dizal da muka saya wajen sidi 7 a farkon shekara ta haura sidi 23 a Nuwamba. Wanda ya ba da kaya bashi a tsohon farashi, uwar kuɗinsa ma ba ta dawo ba.

A Yulin 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai. Aka rufe iyakar Nijar da Benin, Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, albasar Galmi ta yi tsada a kasuwanninmu. A Satumban 2025 kuwa, 'yan bindiga suka fara tare hanyoyin Mali suna ƙona tankokin mai, Bamako ta shiga layin gidan mai. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba mu da iko da farashin duniya, amma muna da iko da tsarinmu. Don haka shugabanni ke kawo shawara uku. Mu riƙa haɗa lodi, kada mota ta tsallaka Paga rabi-rabi ko ta dawo wayam. Mu yanke kuɗin mota da direba bisa farashin lita na ranar lodi, a rubuce, gaban shaida. Sannan mu buɗe asusu na musamman, kowace tafiya a jefa wani abu, domin ɗan'uwan da kayansa suka maƙale a iyaka.

Sai kun amince za a fara, don haka kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin mu tashi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare direbobinmu, Ya sa wa neman albarka.