Aikin Gayya a Cikin Kwamfuta



Saƙonnin WhatsApp da muke gaida gida da su, wani yaren kwamfuta mai suna Erlang ne ke rarraba su. Su Joe Armstrong suka ƙirƙiro shi a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1986, saboda layukan tarho.

Dabararsa irin ta gayya ce. Ana yanka aiki, a raba wa dubban ƙananan ma'aikata a cikin na'ura, kowa da kunyarsa, duk suna yi lokaci guda. Babu mai taɓa bayanan wani, sai dai su aika wa juna saƙo, kuma abin da aka rubuta ba a canja shi. Nan ya fi burge ni, domin rikicin manhaja sau da yawa daga hannu biyu a akushi ɗaya yake tasowa. Idan ɗaya ya faɗi, mai sa ido ya tada wani a gurbinsa, sauran ba su tsaya ba.

Tun 1998 kyauta ake sauke shi. Roƙona ga ƙungiya shi ne kuɗin data na yara goma a gida, in fara koya musu bayan Sallah.