Jawabin Wakilin Matasa Kan Hotunan Shigar 'Yan Sama Jannati

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata.

Hotunan nan da ke jikin bango, yaranmu ne na Karu da Nyanya da Jikwoyi, cikin shigar 'yan sama jannati da ta mutum-mutumi. Wasu iyaye sun ce wannan ai shirmen Turawa ne. To, ranku ya daɗe, a tuna da tashe, inda yaro kan liƙa gemun auduga ya zama tsoho. Kuma tun 1969 Malam Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin tafiyar Kilba sararin samaniya. Daga littafin nan muka ɗauko shigar.

Telolinmu ne suka ɗinka kayan, babu mai nuna tsiraici. So muke abin ya zama sana'a, yaranmu su daina zaman kashe wando. Mai son a ɗauki 'ya'yansa hoto, sai ya ga sakatare, ya ba da kafin alƙalami, a sa masa rana. Ba ma ɗaukar yaro, ko sa hotonsa a intanet, sai da iznin iyayensa.