Ɗalibin Sabo a Mararraba: Jawabi Ga 'Yan Makaranta

 

An nemi in yi magana a kan adalci ga ɗalibai, ni kuwa zan ɗauko ta daga wata shari'a da aka yi a Amurka cikin 1976. Waɗansu mata baƙar fata su biyar suka kai kamfanin motoci na General Motors ƙara a birnin St. Louis. Kafin 1964 kamfanin bai taɓa ɗaukar mace baƙa aiki ba. Da kasuwa ta faɗi aka shiga rage ma'aikata, sai aka bi ƙa'idar nan ta wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, saboda haka guguwar ta kwashe su. Kotu ta ce ba za a ce kamfanin yana ƙin mata ba, tun da ya daɗe yana ɗaukar mata, alhali kuwa matan nan duk Turawa ne. Batun launin fata kuma, aka ce su je su haɗa kukansu da wata ƙara dabam da ake yi da kamfanin. Amma a dube su a matsayin mata kuma baƙaƙe gaba ɗaya, alƙali ya ce doka ba ta san wannan ba.

Cikin 1989 wata malamar shari'a, Kimberlé Crenshaw, ta yi nazarin wannan hukunci, ta kwatanta halin matan da na wanda mota ta banke a mararraba. Motoci suna zuwa ta hanya biyu, shi yana kwance a tsakiya, masu ceto kuwa sun tsaya gardamar ta wace hanya motar ta fito.

To, ba sai mun haye teku ba, mu ma muna da tamu mararrabar. A ɗauki yarinyar da aka haifa a Sabo ta Badun, unguwar da aka kafa tun 1916. Watakila kakanta ma nan aka yanke masa cibiya. Tana jin Yarabanci kamar jakin Kano da kaya, nan ubanta yake biyan haraji. Amma ranar da ta nemi tallafin karatu na jiha, sai a ce ta kawo takardar shaidar asali, ita kuwa baƙuwa ce. In ta shiga jami'ar jiha, galibi kuɗin baƙo ya fi na ɗan gida. Ta hau mota ta nufi ƙaramar hukumar kakanninta a Arewa, can kuma dagaci ya ce bai san gidansu ba, a yi mata kallon 'yar Kurmi. Ga shi sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini ko kasancewa mace ko namiji. Wannan fa duk kafin a zo ga nauyin da ke kanta na 'ya mace: in kuɗin makaranta ya gaza a gida, kowa ya san wa ake fara cirewa a ɗora wa farantin talla.

Yanzu ku dubi yadda ake raba guraben jami'o'in tarayya ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi cin jarrabawa ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, yawancinsu na Arewa. Ni ina ganin niyyar kashi 20 ɗin nan mai kyau ce, kuma ban yarda da masu cewa a soke shi ba. Illarsa ita ce, sunan jiha kaɗai yake tambaya. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja da ɗan manomi da ya yi karatu a ajin da ba rufi, duk layi ɗaya suke in jiharsu ɗaya ce. Ba sai an yi duba ba a san wanda zai samu gurbin.

Sauran magana ɗaya mai ɗaci, ita ce ta gata. Mutum ɗaya yana iya zama abin dannewa a wani wuri, mai danniya a wani wurin. A tashar mota a Ikko, ɗan fatake mai rumbun goro da ɗan mai gadi duk “aboki” ake ce musu, raini ɗaya suke sha. Amma da sun komo Agege, ɗaya yana da ɗaki da fitila da mai koya masa lissafi, ɗayan sai ya tura kurar ruwa kafin ya tafi makaranta. Haka ɗalibi Kirista daga Zuru ko Kaltungo: a nan Bahaushe ake kiransa, amma mu kanmu sau nawa muke tuna gayyatarsa taro irin wannan? Balle ɗalibi gurgu da ajinsa yake bene na uku. Samun gata ba laifi ba ne, ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. Laifin ya fara ne ranar da mai gata ya karɓi rabon da aka keɓe domin mara shi, ya kuma ce guminsa ne.

Saboda haka, ƙannena, in kuka zauna rabon kuɗin tallafin da attajiranmu suke bayarwa, kada ku tsaya ga tambayar jiha. Ku tambayi sana'ar uba, ko yana raye, da makarantar da yaro ya fito. Ku ƙirga 'yan mata nawa ne a jerin sunayen kafin ku sa hannu. Ku kuma roƙi Sarkin Hausawa ya ba ku mutum biyu da za su riƙa raka yaran da aka haifa a nan zuwa ƙananan hukumominsu don karɓo takardar asali, tun kafin a buɗe rajistar jarrabawa.