Jawabi Ga Masu Tsofaffin Motoci A Jos: Kula Da Gaɓoɓin Sitiyari

Ana jawo hankalin masu motoci da direbobi da makanikai ne a kan wani ƙaramin ƙarfe wanda rayukan matafiya suka rataya a kansa, wato gaɓar da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba, wadda makanikai ke kira tayarod.

Kamfanin Peugeot ya fito da ƙirar 404 a 1960, da 504 a 1968, kuma a 1975 aka fara harhaɗa motocinsa a Kaduna. Waɗanda suka rage daga cikinsu sun shekara da yawa bisa hanya. Inji yana iya zama lafiya lau alhali gaɓoɓin sun ci sun ƙare, domin ba kowa ke leƙa ƙarƙashin mota ba.

Ga yadda gaɓar take. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai kamar ƙwallo, yana juyawa a cikin kwasfa, an cika shi da giris, an rufe da 'yar roba. Muddin robar nan tana da lafiya, giris na ciki, datti na waje. Da zarar ta tsage, sai giris ya zube, ruwa da yashi su shiga, su riƙa gurzar ƙarfen har ya soma kaɗawa. Ranar da ƙwallon ya fice daga kwasfa, ƙafar mota za ta kauce inda ta ga dama, direba yana riƙe da sitiyarin da ba ya jin umarni.

Wannan gargaɗi ya shafi ƙasar nan duka, amma ya fi shafar Jos. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma mai fita ta hanyar Akwanga tilas ya bi gangaren Hawan Kibo da kwanoninsa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa da taɓo suna dukan ƙarƙashin mota, hunturu kuma ya zo da ƙura mai cin ƙarfe. Gaɓar da ta lallaɓa a cikin gari tana iya yankewa a kan gangare.

Alamomin lalacewa ba ɓoyayyu ba ne. Sitiyari yakan yi lako-lako, a juya shi kaɗan ƙafa ba ta motsa ba. Akan ji ƙwanƙwasa a kan gargada. Mota takan riƙa yawo hagu da dama, taya kuma ta cinye ta gefe ɗaya. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya sa a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta sosai, a kama taya ta hagu da dama a girgiza, wani kuma yana duban gaɓar. In ta kaɗa, aikinta ya ƙare.

Wajen kiyayewa, ya kamata a duba robobin nan duk lokacin da aka yi juyen mai, da kuma kafin doguwar tafiya. Gaɓar da ke da bakin ɗura giris, a goge bakin a ɗura mata daidai kima, domin in ya yi yawa yakan fasa robar. Wadda aka ƙera a rufe, ba a huda ta. Kada a wanke wurin da fetur ko gas, kuma a toshe yoyon baƙin mai, gama dukansu suna ruɓar da roba. Direba ya rage gudu a ramuka, ya daina murɗa sitiyari da ƙarfi mota tana tsaye.

Akwai kuma wata mummunar al'ada da ake roƙon makanikai su bari: dukan kwasfa da guduma don ta matse, ko cusa mata leda, ko yi mata walda. Wannan ɓoye ciwo ne kurum. Gaɓar da ta ci, a sake sabuwa, a ɗaure notinta da kyau, a sa masa fil in mai fil ne, sa'an nan a kai motar a yi mata saitin ƙafa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci suna nasu aikin, amma ba za su shiga ƙarƙashin kowace mota ba. Nauyin yana wuyan mai ita. Kuɗin gaɓa ɗaya bai kai na jinyar mutum ɗaya ba, kuma rigakafi ya fi magani.

A sauka lafiya.