Jawabin Kwamitin Walwala Kan Motocin Haibrid da na Lantarki



Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa makaranta ya zama nauyi a kan albashin malami. Shi ya sa mambobi da dama ke neman rancen asusun adashe domin sayen mota mai haɗa fetur da batir, wato haibrid, ko ta lantarki zalla. Da yake bashi ne da za a daɗe ana cira daga albashi, wajibi ne mu faɗa muku abin da masu irin waɗannan motoci suka gani.

Ta fuskar ƙarko, haibrid ta yi suna. Tun 1997 Toyota ta fitar da Prius a Japan, saboda haka fasahar ba sabuwa ba ce. Masu ita na yaba ƙarancin shan mai a cunkoson gari, inda injin kan mutu batir ya karɓi aiki. Kayan birkinta ma sukan daɗe, domin motar na mayar da ƙarfin tsayawa ya zama caji.

Kukansu yana wajen gyara. Yawancin abin da muke iya saye 'yan Beljiyam ne, waɗanda suka sha tafiya kafin su iso. A Amurka, Toyota na ba babban batir garantin shekara 10 ko mil 150,000 daga samfurin 2020, amma garantin ba ya bin motar zuwa nan. Garejin dillalan kamfani na da na'urar bincike da horarrun ma'aikata, sai dai sun taru a manyan birane, kuɗinsu da tsada, kuma akan jira kayan gyara.

Bakanike na unguwa kuwa, komai ƙwarewarsa, yana iya ɓarna cikin rashin sani. Kwamfaresar na'urar sanyin yawancin haibrid da lantarki take aiki, tana buƙatar mai na musamman. Aka zuba mata na sauran motoci, tana iya lalacewa. Batirin Prius ya haura bolt 200, kuma wayoyin nan masu ruwan lemo suna iya kisa. Akwai kuma fankar da ke sanyaya batir daga wajen kujerar baya. Ƙurar hunturu na toshe ta, zafi ya taru, batir ya tsufa kafin lokacinsa.

Ta lantarki zalla ba ta da baƙin mai ko filogi, sabis ɗinta kaɗan ne. A 2021 an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, amma irinta ba su yawaita ba. Wanda ba shi da tsayayyar wuta ko wadatacciyar sola a gida, ya dakata.

Shawararmu uku ce. Kada a biya kuɗi sai an auna lafiyar batir da na'ura a gaban mai saye. A san mai gyara kafin a san mota. A kuma tambayi farashin batir, a riƙa ware wani abu duk wata dominsa, don rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa albarka a guminmu, ya kiyaye hanya.